Mutum Biyar A Sahu Ɗaya

A garin Manchok, hedkwatar Masarautar Marwa cikin Ƙaramar Hukumar Kaura, akwai wani dattijo wanda ya yi shekara talatin da ɗoriya yana koyar da wasannin motsa jiki a makarantun sakandare na kudancin Jihar Kaduna kafin ya aje aiki. Manya da yara Malam suke ce da shi. Tun da ya huta ba ya da abin yi sai 'yar gonarsa ta masara da acca, sai kuwa zama a ƙofar gida da yamma yana sauraron rediyo, yana duban motocin da suka fito daga Kafanchan da Kagoro suna shirin hawan tudun Jos. Da ma haka ya so ƙarshen kwanakinsa su kasance, to, amma a daminar 2025 sai wata magana ta taso wadda ta hana shi barci kusan wata biyu.

Malam yana da jika, ɗan babban ɗansa marigayi, yaro mai shekara 17 wanda yake aji biyu na babbar sakandare. Allah ya yi wa yaron nan jiki. Ranar da abokansa suka ɗora shi a kan sikelin masu sayen hatsi a kasuwa don wasa, sai da allura ta wuce kilo 115, ga shi kuwa sai ya sunkuya yake shiga ɗakin kakansa. A filin tamaula wannan jiki bai jawo masa kome ba sai ba'a. Tirela suke kiransa, in an rasa mai tsaron gida a tura shi raga, in an samu kuwa ya koma gefe ya riƙe wa mutane takalma.

Ana nan sai wani mutum ya zo daga birni da mota mai kyau, ya ga yaron a bakin hanya yana sauke buhunan taki. Ya bi shi har gida, ya gaya wa uwarsa cewa a ƙasar Amurka akwai wata irin ƙwallo wadda jami'o'i ke neman ƙarti irin ɗanta ruwa a jallo, su ba su karatu kyauta, daga nan kuma sai miliyoyin daloli. Ya ce cikin wata shida zai iya kai shi, abin da ake bukata kawai shi ne kuɗin takardu da na hanya. Da aka lissafa kuɗin, sai aka ga ba abin da zai biya su sai gonar da marigayin ya bari a bakin rafi.

Matar ta zo ta durƙusa gaban surukinta ta ce, "Baba, ni dai na ga ƙofa ta buɗe. Tun da mahaifinsa ya rasu ba wanda ya taɓa duban yaron nan ya ce yana da amfani sai wannan bawan Allah. Ka sa mana hannu a sayar."

Malam ya ce, "'Yata, tashi ki zauna. Ban ce a'a ba, ban kuwa ce i ba. Ki ba ni lokaci in san wace irin ƙwallo ce wannan tukuna."

Gaskiyar magana ita ce bai san ta ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa da usur a wuya bai taɓa kallon wasan nan ko sau ɗaya ba. Sai ya tuna da wani tsohon ɗalibinsa wanda yake aikin jinya a Jihar Michigan, ya sa aka nemo masa shi ta waya. Ɗalibin ya yi dariya ya ce, "Malam, yau kuma ni zan koyar da kai?" Daga ran nan ya shiga aiko masa da hotunan wasanni ta WhatsApp, in dare ya yi a nan, can kuwa rana tsaka, ya bugo ya yi masa bayani.

Ga abin da Malam ya fahimta, a taƙaice, domin mai karatu wanda shi ma bai saba da abin ba. Wasan ya samo asali ne a jami'o'i, kuma ana lissafin farkonsa daga karawar da Rutgers ta yi da Princeton ran 6 ga Nuwamba, 1869. Ko da yake ƙwallon ƙafa suke ce mata, yawancin aikin da hannu ne, ƙwallon kuwa mai tsini biyu ce kamar ƙwai. Kowane gefe mutum 11 ne, fili yadi 100. Waɗanda ƙwallo ke hannunsu ana ba su dama huɗu su ci yadi 10 gaba. In sun ci a sake ba su huɗu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan gaba. Akwai wanda yake jagorantar hari, shi ke karɓar ƙwallo ya jefa ta ko ya miƙa wa mai gudu, Malam kuwa da ya ga aikinsa sai ya raɗa masa suna madugu. Shi ne ɗan gata, shi jaridu ke bugawa.

Amma idon Malam bai tsaya kan madugu ba. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne wasu ƙarti biyar da suke durƙusawa a jere gabansa, kafaɗa kusa da kafaɗa. Na tsakiya shi ke riƙe da ƙwallo a ƙasa, ya miƙa ta baya ta tsakanin ƙafafunsa. Dama da hagunsa akwai dogarai biyu. Can bakin sahu kuma akwai 'yan gefe biyu. Lambobin rigunansu daga 50 ne zuwa 79, kuma doka ta hana a jefa musu ƙwallo su cafe. A manyan jami'o'i nauyin kowannensu yakan kai kilo 135 ko fiye. Aikinsu iri biyu ne: ko su ture abokan gaba su buɗe wa mai gudu hanya, ko su ja da baya su zama katanga har madugu ya sami kamar sakan uku ya jefa ƙwallo. Mutum yana iya yin shekara huɗu a wannan sahu bai ci ko maki ɗaya ba. Ba a kiran lambarsa a lasifika sai ran da ya yi laifi, watau ya motsa kafin lokaci a mai da su baya yadi 5, ko ya riƙe rigar wani a mai da su yadi 10.

Nan ne mutumin birni yake so a kai jikan Malam cikin wata shida.

Malam ya tambayi ɗalibinsa, shin yaro mai ƙarfi, in ya je, yaushe zai fara bugawa? Ɗalibin ya ce ai a duk wuraren da ke cikin wasan nan ba inda sabon shiga yake daɗewa a benci kamar wannan sahu. Dokar da aka daɗe ana bi a jami'o'in Amurka ita ce a ba ɗalibi shekara biyar ya buga kakar wasa huɗu a cikinsu, sabo da haka shekarar farko akan ajiye yawancin 'yan sahu gefe guda, su yi ta ɗaga ƙarfe, suna cin abinci bisa ƙa'ida, suna koyon aiki. Dalili na farko a fili yake. Ɗan shekara 18 komai girmansa ƙashinsa bai gama ƙwari ba, kuma teɓa daban, ƙarfi daban. Wanda zai kara da shi kuwa ɗan shekara 22 ne wanda ya yi shekara huɗu a ɗakin ƙarfe. Mai gudu ko mai cafe ƙwallo yana iya shigowa da baiwarsa ya haskaka tun ranar farko, gama gudu ba ya jiran shekaru. Ɗan sahu ba haka yake ba.

Dalili na biyu shi ne ƙafa da hannu. Malam ya yi ta mai da hoton baya yana duban ƙafafun ɗan gefe na hagu, wanda yake tsare bayan madugu, wajen da idonsa ba ya gani. Sai ya ga ashe mutumin ja da baya yake yi, gwiwa a lanƙwashe, ƙafa ɗaya na harbawa ɗaya na jan ƙasa, alhali wani mai zafin nama ya taho masa a guje. In ya miƙe tsaye an ture shi, in ya sunkuya da yawa an zille masa, in ƙafafunsa suka haɗu wuri ɗaya ya faɗi, in hannunsa ya fita wajen ƙirjin abokin karawa alƙali ya jefa tuta. Duk abin da jiki ya saba yi in an taso masa, watau ya yi gaba ya rungumi mutum, shi ne kuskure a nan. Malam ya san daga aikinsa cewa koya wa yaro sabon abu ba wuya, raba shi da abin da jikinsa ya saba shi ne jan aiki, kuma ba a yinsa sai da maimaici dubu bisa dubu.

Dalili na uku kuwa shi ne wanda ya sa Malam ya aje wayar ya yi shiru. Abokan gaba ba sa tahowa kai tsaye kowa da nasa. Wani lokaci biyu sukan yi musaya, na waje ya kutsa ciki na ciki ya zagaya waje. Wani lokaci su nuna mutum shida za su taho sai huɗu su taho, ko su nuna huɗu sai ga na biyar daga inda ba a zata ba. Kafin a motsa ƙwallo, cikin 'yan sakan kaɗan, ɗan tsakiya zai duba ya faɗi wanda kowa zai ɗauka. Bayan an motsa kuwa ba sauran magana. Dogari zai saki mutumin da yake riƙe da shi ya bar wa na kusa da shi ba tare da ya waiwaya ba, domin ya tabbata ɗan'uwansa yana nan. In biyu suka haɗu kan mutum ɗaya, ɗayansu zai bari ya wuce gaba ya tari wani, kuma sanin wanda zai bari da lokacin da zai bari a kafaɗa ake jinsa. Filin Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum 107,601, kuma a fili irin wannan in baƙi suka zo ihun 'yan kallo ba ya barin su ji muryar madugu, sai dai su tashi da alama. Mutum huɗu suna iya yin aikinsu daidai, na biyar ya makara da ƙiftawar ido, shi ke nan an kayar da madugu, wahalar huɗun ta tafi a banza.

Abin da ya sa Malam ya yi shiru shi ne ya taɓa ganin wannan abu, har sau biyu, ba kuwa a Amurka ba.

Na farko yana yaro. Layin dogo ya iso Kafanchan ya wuce Jos a 1927, ya ratsa ta Manchok, kuma mahaifin Malam lebura ne a cikin masu gyaran wannan layi a zamanin da jirgin ƙasa ke tashe. Yakan kai masa abinci ya tarar ana canjin ƙarfen dogo. Mutane sukan jeru dama da hagu, heluma ya ba da murya, su ɗaga gaba ɗaya, su taka gaba ɗaya, su aje gaba ɗaya. In aka kawo sabon lebura, ko da ya fi kowa ƙwanji, ba a sa shi a bakin ƙarfe. Tsakiya ake sa shi tsakanin tsofaffin hannu, sai ya yi watanni. Mahaifinsa yakan ce mai ƙarfin da bai san murya ba ya fi rago haɗari, gama shi ne zai ɗaga kafin kowa, nauyi ya koma kan na ƙarshe ya karya masa baya.

Na biyun kuwa ba ya son tunawa da shi. A tsakiyar shekarun 1980, yana matashin malami a wata makarantar kwana, ya haɗa 'yan baya huɗu tun suna aji uku, lamba biyu da uku da biyar da shida. Ba wani gwani a cikinsu, lamba biyar ma gajere ne. Amma shekara uku suna tare, ɗaki ɗaya suke kwana, har suka iya tarkon satar gida yadda in lamba biyar ya ɗaga hannu su huɗun za su taka gaba kamar an ja su da igiya. Da wannan suka kai wasan ƙarshe na gasar makarantun yankin. Ana saura mako guda sai aka yi ta zuga Malam cewa abokan karawarsu manya ne, yaransa ba za su iya ba. Ya yarda aka kawo masa ƙarti biyu daga wani kulob na gari, waɗanda sun daɗe da barin makaranta, aka sa musu rigar ɗalibai. Sojojin haya ake ce da irinsu, kuma ba shi kaɗai ke yi ba a lokacin, amma wannan ba hujja ba ce, shi ma bai taɓa kawo ta hujja ba. Ya ajiye lamba biyar da lamba uku a benci.

Kowane ɗaya daga cikin baƙin nan ya fi yaran da aka cire iya ƙwallo nesa ba kusa ba. Minti ashirin da farawa, yaran biyu da suka rage suka taka gaba kamar yadda suka saba, baƙo ɗaya ya bi su, ɗayan ya tsaya a baya yana tsare mutuminsa. Ɗan gaban abokan karawa ya wuce shi da gola. Bayan hutu aka sake yin haka. An ci su biyu ba ko ɗaya. Kofin bai dame shi ba kamar yaron nan lamba biyar, wanda ya zauna a benci bai ce uffan ba har aka tashi. Daga baya ya zama direba a hanyar Kafanchan zuwa Jos, yau shi ma ya yi furfura. In ya ga Malam yakan tsaya ya gaishe shi da ladabi, ba ya karɓar kuɗin motarsa, amma Baba yake ce masa. Tun daga ranar wasan nan bai sake kiransa Malam ba.

Saboda haka da ɗalibinsa ya ba shi labarin Jami'ar Colorado, sai ya ji kamar da shi ake. Tun daga 2018 aka buɗe wa ɗalibai 'yan wasa hanyar sauya jami'a cikin sauƙi, a 2021 kuma aka ɗauke musu sharaɗin zaman shekara guda ba wasa, aka kuma yarda su karɓi kuɗin talla. Da Deion Sanders ya karɓi horar da Colorado, ya sallami mafi yawan 'yan wasan da ya tarar, ya tattaro sababbi daga ko'ina don kakar 2023. Suka ci wasa uku na farko, duniya ta ɗauka. Amma sahun gaba baƙin juna ne. Madugunsu, ɗansa Shedeur, sau 52 aka kayar da shi a wannan kaka, suka ƙare da cin wasa 4 an cinye su 8. Mai cafe ƙwallo ana iya sayo shi ranar Litinin ya yi aiki ranar Asabar, katanga kuwa ba ta sayuwa haka.

Amurkawa da kansu sun san wannan, har suna da kyauta ta musamman dominsa. Tun 2015 ake ba da kyautar Joe Moore, sunan wani malamin 'yan sahu wanda ya yi aiki a jami'o'in Pittsburgh da Notre Dame ya rasu a 2003, kuma ba mutum ɗaya ake ba ita ba, sahun ake ba gaba ɗaya. Michigan ta ɗauke ta sau biyu a jere, 2021 da 2022. A watan Nuwamba na 2023, suna tsakiyar wasa da manyan abokan hamayyarsu Ohio State, dogarinsu na dama Zak Zinter ya karye a ƙafa aka fitar da shi. Ɗan gefe ya matso ciki, wani tsohon hannu ya taso daga benci ya cike gurbi, kuma a bugun da ya biyo baya nan take suka buɗe wa Blake Corum hanya ya ruga yadi 22 ya ci. Suka gama kakar da wasa 15 ba a cinye su ba, suka zama zakarun ƙasa a Janairun 2024. Daga nan duk manyan sahun suka tafi, a kakar 2024 kuwa aka cinye su sau 5. Lalle ba wannan kaɗai ne dalili ba, gama babban mai horarwa da madugu su ma sun tafi, amma wanda ya kalli wasannin ya ga inda katanga ta tsage. A shekarar kuwa kyautar Joe Moore makarantar hafsoshin soja ta West Point ce ta ɗauka, inda ba a sayo ɗan wasa da kuɗi, sai dai a rene shi tun daga shekararsa ta fari.

To, amma Malam mutum ne mai son a faɗi magana duka. Ya ce da ɗalibinsa, ashe ke nan baƙo ba ya taɓa shiga sahu ya yi kyau? Ɗalibin ya ce yana yi mana, ya kawo masa misalin Olusegun Oluwatimi, ɗan asalin Nijeriya haifaffen Amurka. Shekara ɗaya tak ya yi a Michigan, 2022, a matsayin ɗan tsakiya, ya ɗauki kyautar Rimington da ta Outland, watau an shaida ba kamarsa a wurinsa a duk ƙasar. Sai dai kafin ya zo ya fara da makarantar sojan sama a 2017, ya koma Virginia ya yi shekara uku yana buga tsakiya. Tsohon lebura ne ya sauya ƙungiya, ya kuma tarar da mutanen da suka san murya. Wannan daban yake da a kwaso baƙi biyar rana ɗaya, ya kuma fi nisa da a ɗauko yaron da bai taɓa sa hular ƙarfe ba.

Game da yaran da suka taso daga nan gida, hanyar akwai ta, ba ƙarya mutumin birni ya yi ba a nan. Prince Tega Wanogho daga Jihar Delta ya tafi Alabama a 2014 da niyyar ƙwallon kwando, aka ga jikinsa aka jawo shi wannan wasa. Ya shiga Jami'ar Auburn a 2015 aka ajiye shi shekara guda, a 2016 aka mai da shi sahun gaba, sai a 2017 ya fara shiga sahun farko a matsayin ɗan gefen hagu, a 2020 kuma ƙungiyar Philadelphia ta ɗauke shi. Shekara shida ke nan. Chukwuma Okorafor ya isa Amurka a 2010, ya yi sakandare a can, ya yi shekara huɗu a Western Michigan, sa'an nan Pittsburgh ta ɗauke shi a 2018. Osi Umenyiora, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Nijeriya ya kuma ci kofin Super Bowl sau biyu da New York Giants, yana shirya sansanonin neman matasa a Afirka, an yi a Accra a 2022, an yi a Legas a 2024. Ta hannunsa Roy Mbaeteka ya sami shiga Giants a 2022 bai taɓa buga wasan a makaranta ba, ga tsawo ga nauyi, amma da aka zo tace 'yan wasa 53 na kakar bai sami shiga ba. Jiki ya kai shi ƙofa, shekarun da bai yi ba suka tsai da shi.

Akwai kuma wani abu da ɗalibin, da yake ma'aikacin jinya ne, ya ce ba zai ɓoye wa Malam ba. 'Yan sahu suna gwabza kai da kai a kowane bugu. Mike Webster, shahararren ɗan tsakiya na Pittsburgh, ya rasu a 2002 yana da shekara 50 bayan ya daɗe cikin ruɗewar hankali, kuma likitan da ya binciki ƙwaƙwalwarsa ya gano cutar da yawan bugun kai ke haifarwa ɗan Nijeriya ne, Dokta Bennet Omalu, wanda ya buga sakamakon a 2005. Mutumin birni bai ambaci wannan ba.

Da mutumin ya komo karɓar amsa, Malam ya sa aka shimfiɗa masa tabarma aka kawo ruwa, ya yi masa tambaya uku. Wace makaranta ce, da sunanta? Ina takardar da mai horarwarta ya rubuto? A cikin wurare biyar na sahu, wanne ya ga ya dace da yaron? Mutumin ya ce makarantu suna da yawa, takarda kuwa sai an biya take fitowa. Game da ta ukun ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai mai jiki irin wannan ko'ina aka sa shi zai ci ƙwallaye." Malam ya yi masa godiya, ya raka shi har mota.

Da dare ya kira surukarsa da jikansa ya ce ba zai sa hannu ba. Matar ta yi kuka. Ta ce, "Baba, kai ka ci zamaninka. In wannan ta wuce, wa zai sake zuwa Manchok neman ɗana?" Malam bai sami amsar da zai ba ta ba, gama ta yiwu ba wanda zai sake zuwa, shi ma ya sani. Abin da ya iya faɗi shi ne jami'o'in can ba sa ɗaukar wanda bai gama sakandare da sakamako mai kyau ba, sabo da haka ko ana so ko ba a so sai yaron ya rubuta jarrabawar WAEC tukuna; ɗalibinsa kuma ya yi alkawarin in an ɗauki hoton yaron yana motsa jiki zai nuna wa masu horarwa na sakandaren garin da yake, ya kuma sa ido kan lokacin da za a sake buɗe sansani a Nijeriya. Sa'an nan ya juya wajen jikansa ya ba shi labarin lamba biyar tun daga farko har ƙarshe, labarin da ko 'ya'yansa bai taɓa ba su ba.

Yaron ya saurara, can ya ce, "Kaka, to, in shekara shida ce, yaushe za a fara ƙirgawa?"

Tun daga makon nan, in gari ya waye kafin a tafi makaranta, akan ga Malam a filin firamare da tsohon usur ɗinsa. Ya samo wasu yara huɗu masu jiki, irin waɗanda ake bari riƙon takalma, ya jera su da jikansa a gefen hagu. Ba su da ƙwallon, ba su da hular ƙarfe. Doguwar gora ya sara ya ba su su riƙe a ƙirji su biyar, gwiwa a lanƙwashe, in ya busa su ja da baya taki uku ba tare da gorar ta karkace ba. Har aka girbe acca ba su yi sau goma a jere daidai ba, kuma yawanci jikan nasa ne yake riga kowa tashi. Mutumin birni ya daina ɗaukar waya. Surukar Malam ta yi wata guda gaisuwa kaɗai ke haɗa su, kuma hanyar gonar bakin rafi ta gefen filin ta bi. Da fari takan wuce ba ta ko duba ba. Ran nan da hazo ya fara sauka sai ta tsaya da kwando a kai, ta kalli gorar ta karkace sau biyu, ta ɗaga murya ta ce da ɗanta, "Kai, ba ka ji ba a busa ba tukuna?"